Farar Ƙasa a Ƙafar Akawal

Kwana biyar da sa siminti

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata kin isa wurin aikinki lafiya. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da kika sani, wadda ba ta da likita tunda 'yata dabbobi ta zaɓa ta bar mutane. Direban motar madara ya ce Litinin da Alhamis yake ratsawa ta wurinku. Don haka ko waya ba ta kamawa a can, ba ki da hujjar yin shiru.

Kin bar rigar aikinki a kan igiya da jini a hannunta. Na wanke, na goge. Mace ta kusa shekara talatin, uwarta ce ke bin bayanta tana tsince kaya.

Akawal, dokin ubanki, na nan tsaye. Har yanzu in na rufe ido ina ganin ranar da iska ta ɗago kwanon rufin nan ya yanke shi a bayan ƙafa, sama da kofato. Allah ya sa kina gida hutu, kika ɗinke, kika naɗa auduga, kika sa masa siminti daga kofato har ƙasan gwiwa. Ba na yabon yaro a gaban idonsa, amma aikin ya yi kyau. Matan layi sai zuwa kallo suke, wai ba su taɓa ganin doki da siminti kamar mutum ba. Nakan ce musu karatu ne ya yi rana.

Takardar da kika manna a ƙofar barga na karanta ta. Ba sai kin ja layi ƙarƙashin kalmomi ba, na yi sakandare tun ba a san za a haife ki ba. Safe da yamma in shafa simintin da tafin hannu in ji ko wani wuri ya fi zafi, in sunsuna bakinsa, in duba ko ya yi tabo, in lura ko yana taka ƙafar. Ina yi. Bargar kuwa kowace safiya sai na share, na kwara ruwa, na goge. Shekara ashirin da biyu na yi ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata a makaranta, ba a taɓa kama zanen gado mai datti a hannuna ba. Ba a bargar marigayi ubanki za a fara ba.

Jiya Tsohon Barga ya zo, abokin aikin ubanki, da warin tabarsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon dokin, sannan ya ce, "Uwar gida, a kula. Doki ba mutum ba ne, ba ya kwanciya ya ɗaga ƙafa a kan matashi. Ga Akawal ya yi ƙiba, nauyin nan duk a cikin simintin zai sauka." Na ce masa, a gaban matan, wanda bai iya rubuta sunansa ba ba shi zai gyara wa mai digiri aiki ba. Ya sa hularsa ya fita.

Ki riƙe gaskiya a wurin aiki. In kin yi kuskure ki faɗa. Kin tuna ranar da kika zubar da tawada a farar rigar makaranta, kika goga alli a kai don kada in gani? Ba don tawadar na dake ki ba, don allin ne.

Mahaifiyarki

*

Kwana tara

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya gwiwar? Ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi, wannan ko likitan dabbobi ya sani. Na isa lafiya, na tarar da aiki ya taru. Na gode da rigar.

Inna, don Allah ki daina kwara ruwa a barga. Laifina ne da ban rubuta a takardar ba. Kullum yana jan ƙafar a ƙasa, ƙasan simintin yana cinyewa, in ruwa ya samu hanya ya shiga ciki audugar za ta jiƙe, kuma ba za ta bushe ba. Ki kwashe kashin da shebur, ki zuba garin katako mai kauri, shi ke nan. Ki rage masa hatsi da dusa, ciyawa ta ishe shi. Tun rasuwar mahaifina kike ɗura masa abinci, kina cewa ba ruwanki da shi. Doki mai nauyi ya fi saurin samun miki a cikin siminti.

Abin da nake tsoro shi ne wannan. Ranar da na sa simintin ƙafar a kumbure take. In kumburin ya sace, simintin zai yi masa yawa, ya riƙa goga fata duk sanda ya motsa. Ba za ki ga mikin ba, sai dai alamarsa: zafi, wari, ruwa ya ɓullo ya yi tabo, ko ya daina taka ƙafar. Ko ɗaya kika gani, ranar za a cire, ba gobe ba.

Maganar Tsohon Barga ba ta yi mini daɗi ba. Shi ya karɓi haihuwar Akawal, ya fi ni sanin dokin nan. Ki bar shi ya riƙa leƙowa, idonsa zai ga abin da ni da ke ba za mu gani ba.

In Allah ya yarda ina nan tafe ranar da ya cika mako biyu, in canza simintin.

'Yarki, Auta

*

Kwana goma sha uku

Auta,

Ina gaishe ki. Lafiyata lau, na gode da maganin ruwan ɗumi, ashe shi aka yi shekara shida ana koya muku.

Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma na gane abin da kike nufi, ko da kin naɗe shi cikin ladabi. Uwarki ba ta isa ta kula da doki ba sai an ɗora mata mai gadi. Ni da na kula da 'yan mata ɗari biyu, na san wadda zazzaɓi zai kama tun kafin ta sani, yau ni ce idona bai gani. Mutumin da ubanki ya sha jan kunnensa a kan shiga ɗaki da takalmi, shi ne mai ido. To, ba zai taka mini gida ba. Na faɗi magana a gaban mutane, ba zan lashe ta ba.

Ruwa na daina kwarawa tun ranar da saƙonki ya zo, ko da yake wurin ya koma abin da ba na son faɗa. Hatsi na rage. Yana kallona in na wuce kamar na ci amanarsa.

Kika tambayi siminti. Fari ne tas, kamar ranar da kika sa shi. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Akawal kuma ya natsu ƙwarai, ya daina wannan zirga-zirgar da buga ƙafa. Yana tsayawa wuri guda, wani lokaci ya kwanta. Ashe dabba ma in ta samu tarbiyya tana hankali.

Gobe ne mako biyu. Na gyara miki ɗaki. Alkawari kaya ne, ki tuna.

Mahaifiyarki

*

Kwana goma sha tara

Auta,

Ina fata kina lafiya, don ban san abin da zan ce ba in ba fata ba. Motar madara ta zo sau biyu, direban ya juya mini tafin hannunsa. Ranar da kika sa ta zo ta wuce. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma na ji ta. Matar tela ta tambaye ni ina Likita, na ce aikin hukuma ya riƙe ki. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa. Kin ga inda kika kai ni.

In fushi kike da wasiƙata, ki sani ɗa ba ya fushi da uwa ya ga daidai. In kuma ba ki da lafiya ne, ki sa wani ya rubuto layi biyu.

Akawal na nan. Bai cika cin ciyawar ba, amma ai ke kika ce ya rage. Ƙudaje sun yi yawa a bana, na sayi maganin wanke ban-ɗaki mai ƙamshi ina yayyafawa a bango. Na kuma hana matan layi shiga bargar, surutunsu yana damunsa.

Akwai wata tambaya, ba tawa ba ce. Wata mata ce a can bayan kasuwa, jakinta ya ji ciwo aka naɗe masa ƙafa da irin abin nan naku. Ta ce wani ɗan ruwa-ruwa yana ɓullowa ta baya, launin shayi, kamar faɗin kwabo, daga baya ya fi haka. Ta ce wurin da ɗumi. Kuma jakin yana ɗage ƙafar, yana jingina nauyinsa a kan ɗayar. Na ce mata wataƙila gumi ne, amma zan tambayi 'yata. In kin samu sarari ki faɗa mini abin da zan ce mata. Ba gaggawa ba ne. Amma ki amsa a motar farko.

Mahaifiyarki

*

Kwana ashirin da biyu

Inna,

Ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, ba fushi nake ba. Cuta ce ta ɓarke a cikin shanu aka tura mu daji yin allura, yau na dawo na tarar da wasiƙarki. An kuma killace mu, ba wanda zai fita ya taɓa wata dabba sai bayan kwana bakwai. Ba zan iya zuwa ba, ga shi abin ba zai jira ni ba.

Inna, ba wanda ke sa wa jaki siminti a bayan kasuwa. Ni kaɗai na sa wa dabba siminti a garin nan. Kin ce fari ne tas. Me kika shafa masa?

Ki ajiye wasiƙar nan ki tafi wurin Tsohon Barga yanzu, kafin ki ci abinci. Ki karanta masa abin da ke ƙasa.

Baba, a cire simintin yau. A samu maza biyu masu ƙarfi su riƙe shi. A yanka ta gefe biyu, dama da hagu, daga sama zuwa ƙasa, kada a bi ta gaba ko ta baya inda jijiya take. A tura siririn ƙarfe mai faɗi tsakanin simintin da auduga, zarto ya riƙa sauka a kansa. A wanke mikin da tafasasshen ruwa da gishiri bayan ya huce, a sa maganin da na ba direba, a naɗa auduga mai kauri da bandeji, a canza kullum. Allurar da ke cikin kwalin ka san yadda ake yi, sau ɗaya a rana a wuya.

Sannan ka duba ɗaya ƙafar. Ita ta fi ba ni tsoro. Kwana nawa ke nan tana ɗauke da nauyinsa ita kaɗai, ban sani ba. Ka dafa kofaton, in da zafi a tsayar da ƙafar cikin ruwan sanyi, a zuba yashi mai laushi inda yake tsayawa. In naman cikin kofaton ya saki, ba ni da abin da zan iya yi masa, ba wanda yake da shi.

Inna, ba faɗa nake miki ba. Ki tafi kawai.

Auta

*

Kwana ashirin da biyar

Auta,

Ina gaishe ki. Ba zan yi maganar gwiwa ba yau.

Farar ƙasa na shafa. Wadda ta rage a bokiti tun gyaran katanga.

Ranar kwana goma sha ɗaya na ga tabon. Na san yana cikin takardarki, layi na uku, wanda kika ja wa layi biyu a ƙasa. Na tsaya ina kallonsa, sai na ji muryar matar tela a tsakar gida ta kawo baƙuwarta ganin aikin Likita. Na ce a raina datti ne kawai, kada a ce aikin 'yata ya ɓaci, kada tsohon nan ya ji ya ce ai ya faɗa. Na ɗauko burushi. Ban yi minti biyu ba. Washegari tabon ya dawo ya fi na jiya, na sake shafawa. Daga nan kuma ba don matar tela nake yi ba. In na shafa ya yi fari, sai in samu zuciyata ta kwanta har zuwa yamma.

Wasiƙarki ta zo jiya da hantsi. Kin ce in tafi kafin in ci abinci. Bari in faɗa miki abin da na fara yi, tunda faɗa nake. Bokitin na ɗauka na kai bayan ɗakin girki na kifa kwando a kai. Ina tsaye a wurin na ji Akawal ya yi wani nishi, na leƙa na gan shi ya miƙa ƙafafun gaba, ya tura jikinsa baya kamar mai son zama. Gumi ya jiƙa masa wuya. Ya dube ni. Ubanki ya bar mini abu ɗaya mai numfashi ban da ke, ga abin da na yi da shi.

Na tarar da Tsohon Barga a ƙofar gidansa yana ɗinkin ragama.

Ya ce, "Uwar gida, ɓatan hanya kika yi?"

Na ce, "Wurinka na zo."

"Wurin wanda bai iya rubuta sunansa ba?"

Na ce, "Shi."

Ya jawo benci, sai ya mayar. "Af, kada ki zauna, akwai ƙura."

Na zauna a kai. Na buɗe wasiƙarki na fara daga inda kika ce Baba. Ban karanta masa saman ba. Bai iya karatu ba, Auta, ba zai taɓa sanin na tsallake ba. Na kai ƙarshe, yana ɗaure kayan aikinsa, sai na ji ba zan iya tashi ba. Na ce masa akwai saura. Na koma sama na karanta, har da jakin, har da "me kika shafa masa". Ya ƙarasa ɗaure kayansa. Ya ce dai, "Mu bi ta garejin makaniki, yana da zarto mai ƙananan haƙora."

Makaniki da tela suka riƙe dokin. Ba a gayyaci matan layi ba, amma kin san su. Tsohon ya durƙusa, ya sa hanci a bakin simintin, ya kau da kai. Ya sa farce ya kankara, farar ƙasa ta zubo kamar ɓawon ƙwai, wata a kan wata. Ƙarƙashinta baƙi-baƙi ne, jiƙe sharkaf.

Makaniki ya yi dariya ya ce, "Kai! Wane magini ne ya yi wannan fenti?"

Tsohon ya ce, "Riƙe kan doki, ba a tambaye ka ba."

Rufa mini asiri yake so ya yi, mutumin da na tozarta a wannan wurin. Wannan ya fi zagi ciwo. Na ce, "Ni ce maginin. Likita ta rubuta in na ga tabo in faɗa, na gani na rufe. Baba kuma ya gargaɗe ni na kore shi." Matar tela ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi.

Da aka buɗe, wari ya kori kowa sai mu huɗu. Ƙasan simintin ya huje, ruwan da na yi ta kwarawa ya shiga, audugar ta zama kamar taɓo. Miki uku ne. Ɗaya a sama inda bakin simintin ke goga, biyu a bayan gaɓar da ke saman kofato, ɗaya daga cikinsu zurfinsa ya kai rabin yatsa, da mugunya. Amma yankan da kika ɗinke ya haɗe tsaf. Abin da kika yi ya warke, abin da na yi ne ya ruɓe.

Ɗaya kofaton da zafi. Tsohon ya dafa ya daɗe, ya ce ubanki yakan ce ba ƙafar da ta ji ciwo ke kashe doki ba, 'yar'uwarta ce da ta gaji da ɗauka. Mun sa ta a ruwan sanyi. Na tambaye shi zai tashi? Ya ce in tambaye shi bayan kwana uku.

Na dake ki a kan alli kina 'yar shekara tara. Na tuna har kin yi fitsari a tsaye. Ban san da wace fuska zan dube ki ba.

Inna

*

Kwana ashirin da bakwai

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Jibi za a sake mu, ina cikin motar farko. A ci gaba da ruwan sanyin, in ya so kwanciya a bar shi ya kwanta, hutu ne ga ƙafar.

Kin faɗi naki, bari in faɗi nawa, kada ki ɗauki kayan ke kaɗai.

Na rubuta miki kamar ban samu dama ba. Na samu. Wasiƙarki ta kwana goma sha uku ta same ni kafin a tura mu daji, kuma ina da hutun kwana biyu a hannu. Na karanta inda kika ce fari ne tas. Inna, simintin doki ba ya kwana uku a barga yana fari. Na karanta inda kika ce ya natsu, ya daina buga ƙafa. Na san doki mai lafiya da aka kulle ba ya natsuwa. Da wani ne ya rubuto mini haka, da a ranar na hau mota. Amma na ga yadda kika fara wasiƙar, na ce ba zan iya kwana biyu ana yi mini wa'azi ba. Na ninke ta na sa a aljihu, na ce wa kaina siminti yana iya kai mako uku. Ni ma na shafa tawa farar ƙasar, kuma ni na san abin da ke ƙarƙashi.

Tun farko ma bai kamata in bar miki takarda a ƙofa ba. Kamata ya yi in zaunar da ke da Baba, in ce shi ne mai dubawa. Doki mai ƙiba, ƙafa a kumbure, ni kuma ina nesa, duk na san haɗarinsu. Tsoron fuskarki ya sa na rubuta na manna na gudu. Ina sa hannu a bakin bijimi, amma ban iya ce wa uwata a'a.

Maganar alli, ban manta ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ban taɓa ɓoye kuskure a wurin aiki ba sai wannan karon, kuma ranar allin ce ta hana ni ɓoyewa. Ki dube ni da fuskar da kika saba, ita na sani.

'Yarki, Auta

*

Wata uku da cire siminti

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, wataƙila don yanzu ina tafiya safe da yamma. Baba ya ce a riƙa jan Akawal a hankali daga ƙofar gida zuwa bakin gareji a dawo, kuma ya ce ni zan ja. Ina ja. Makaniki in ya hango mu sai ya ɗaga murya, "Sannu da aiki, magini!" Ran farko na yi kamar ban ji ba. Yanzu ina amsawa.

Kofaton da kika yi ta dubawa makon da kika yi a nan ya daina zafi gaba ɗaya. Ya fito da wani zobe a jikinsa, Baba ya ce zai sauka da kansa in sabon ya tsiro, wajen shekara guda. Yana yanke masa shi duk bayan mako huɗu. Abin da kika faɗa shi ma ya faɗa, ba mai sake hawan dokin nan. Sirdin ubanki na goge na rataye a ɗakinki. Da na yi magana ranar da na ga tabon, da yanzu ana hawansa. Wannan ba wanda zai ɗauke mini shi, kada ki gwada.

Mikin ya rufe. Gashi ya fito a wurin, amma fari ne, wuri uku a baƙar ƙafa, ana hangowa tun daga bakin titi. Baba ya ce haka zai zauna har ya mutu. Duk wanda ya tambaya ina gaya masa dalili.

Baba yana shiga barga da takalminsa, yana shiga tsakar gida ma da shi. Na ƙyale shi. Tabar ce dai na ce ya riƙa barinta a waje, mutum ba ya canzawa duka a wata uku.

Za ki ga kwali tare da wasiƙar nan. Simintin ne, ɓari biyu, na shanya shi ya bushe. Ban wanke ba, ban kankare komai ba. Kin ce kina tara masu dabbobi kina koya musu yadda ake kula da ciwo. Ki nuna musu. Su ga waje, sannan ki juya musu ciki. Na ƙirga a bakin yankan zarto, shafin farar ƙasa tara ne. In sun tambaya wane jahili ne ya yi haka, kada ki ce wata mata ce a bayan kasuwa. Ki ce uwarki ce, kuma ta yi sakandare.

Kin sake barin rigar aikinki a kan igiya. Akwai tabon magani a aljihu wanda ya ƙi fita. Na bar shi.

Mahaifiyarki